Nikaragwa: Gwamnatin da ba ta gajiya da ambaton Allah amma tana korar bishop-bishop, me ke faruwa ne?

Da yawanmu ta dalilin Gaza muka fara jin sunan Nikaragwa. Ita ce 'yar ƙaramar ƙasar nan ta tsakiyar nahiyar Amurka da ta maka Jamus a kotun duniya ta Hague a watan Maris na 2024 kan ba Isra'ila makamai, sannan a Oktoban shekarar ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila gaba ɗaya. An yaba mata sosai, kuma a kan wannan batun yabon yana da hujja. To amma fa a cikin gidanta akwai wani labari da ba kasafai yake iso mana ba, labarin yadda gwamnatin ke mu'amala da masu addini na ƙasarta, kuma ni a ganina wanda ya damu da zalunci a Gaza bai kamata ya kau da kai daga wannan ba don kawai mai yin sa abokinmu ne a wani fagen.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne gwamnatin ba ta taɓa cewa ba ruwanta da Allah ba. Taken da ta shafe shekaru tana liƙawa a manyan allunan titi shi ne wai Nikaragwa ƙasa ce ta Kiristanci da gurguzu da zumunci, har a gyaran kundin tsarin mulki na 2014 sai da aka cusa wannan maganar a ciki. Rosario Murillo, matar shugaba Daniel Ortega wadda yanzu tare suke riƙe da kujerar, kusan kullum da tsakar rana sai ta yi wa ƙasa jawabi, jawabin kuwa daga farko har ƙarshe godiya ce ga Allah da sa albarka. Amma wannan gwamnatin dai ita ce ta yanke wa bishop ɗaurin shekara 26, ta kori jakadan Fafaroma, ta ƙwace jami'ar coci, ta ɗaure fastoci, kuma bishop-bishop huɗu 'yan asalin ƙasar duk suna waje ba halin komawa gida. To ya aka yi haka?

Sai an fara sanin su waye mutanen tukuna. Ƙasar tana da mutum kusan miliyan 7, kuma in ka duba da kyau kamar ƙasa biyu ce aka haɗa. Ɓangaren yamma, wajen tekun Fasifik, nan ne Sifaniyawa suka sauka, suka kafa garuruwan Granada da León a 1524, suka zo da harshensu da ɗarikar Katolika, kuma nan ne mafi yawan jama'a suke har da babban birni Managwa. Ɓangaren gabas kuma, gaɓar tekun Karibiyan, Sifen ba ta taɓa riƙe shi da gaske ba, Turawan Ingila ne suka yi tasiri a can tare da sarakunan ƙabilar Miskito. A 1849 'yan mishan na cocin Moraviya suka sauka a garin Bluefields, kuma wannan cocin ne ya shiga jinin mutanen yankin, Miskito da Mayangna da Rama da baƙaƙen fata masu jin Ingilishi, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Sun fassara littattafan ibada da waƙoƙi zuwa harshen Miskito, sun buɗe makarantu da asibiti, har ta kai a ƙauyuka da yawa fasto shi ne malami shi ne mai sasanta rigima. Sai a 1894 ne shugaba José Santos Zelaya ya haɗe yankin da sauran ƙasar da ƙarfin soja. Shi dai Zelayan nan shi ne ya raba coci da gwamnati a kundin tsarin mulkinsa, wato tun ƙarshen ƙarni na 19 aka fara maganar cewa Katolika ba ita ce addinin gwamnati ba.

Alƙaluma kuwa sun nuna wani sauyi mai girma da ya faru cikin rayuwar mutum ɗaya. A shekarun 1960 sama da kashi 90 cikin 100 na jama'a 'yan Katolika ne. Ƙidayar 1995 ta ce sun koma kusan kashi 73. Ƙidayar 2005 ta ce kashi 58 da rabi, 'yan cocin bishara kusan kashi 22, sannan wajen kashi 16 suka ce ba su da wani addini da suke bi. Da cibiyar bincike ta Pew ta yi nata nazarin a 2014 sai ta samu rabin jama'a ne kawai Katolika, kashi 40 kuma Furotesta. Ka ga kenan a cikin shekara hamsin ƙasar da kusan kowa ɗarikarsa ɗaya ta koma kusan raba daidai.

Dalilan da ake kawowa suna da yawa. Limaman Katolika ba su da yawa, kafin a naɗa fada sai ya yi shekaru yana karatu kuma ba zai yi aure ba, ƙauye sai ya daɗe bai ga fada ba. Shi kuwa faston Fentikostal ɗan unguwa ne, yana da mata da 'ya'ya, ya san wanda ya kwana da yunwa, cocinsa ɗaki ɗaya ne da rufin kwano da kujerun roba da lasifika, ana waƙa ana tafi kusan kowane dare. Mata da yawa sun rungumi waɗannan coci-cocin saboda miji in ya shiga yakan bar giya, kuɗin cefane ya dawo gida. Ga kuma bala'o'i da suka yi ta faɗa wa ƙasar, musamman girgizar ƙasar Disamban 1972 da ta rusa Managwa ta kashe dubban mutane, inda coci-cocin bishara suka haɗu suka kafa ƙungiyar agaji ta CEPAD ƙarƙashin wani likita ɗan Baftis mai suna Gustavo Parajón, aikin agajin ya sa sun shiga lungunan da da can ba a san su ba.

Musulmi ma akwai, sai dai 'yan kaɗan ne ƙwarai, ba su kai ko kusa da kashi 1 ba. Yawancinsu tushensu Larabawa ne musamman Falasɗinawa da suka je kasuwanci, sai 'yan ƙasa da suka musulunta, kuma a 2009 aka gina musu masallaci a Managwa. Yahudawa ma 'yan tsiraru ne, yawancinsu sun bar ƙasar a lokacin juyin juya halin 1979. Akwai Shaidun Jehobah, akwai Mormon, akwai Baha'i, sannan a gaɓar Karibiyan har yanzu ana zuwa wurin masu maganin gargajiya ko da mutum ranar Lahadi yana coci.

Wani abu da ya kamata a riƙe da kyau shi ne, duk wannan bambancin bai haifar da rikicin addini tsakanin jama'a ba. Ba a jin an ƙona unguwa don Katolika da 'yan bishara sun yi faɗa. A gida ɗaya za ka samu uwa Katolika, 'yarta tana zuwa cocin Fentikostal, ɗan kuma ba ya zuwa ko'ina, ana musu ana gardama a kan girmama Maryamu da waliyyai amma tukunya ɗaya ake ci. Daren 7 ga Disamba shi ne babban misali. Masu gida sukan ƙawata wani kusurwa na falo da mutum-mutumin Maryamu da furanni da kyandir, su buɗe ƙofa, jama'a yara da manya su dinga bi gida-gida, in sun iso bakin ƙofa su ɗaga murya su ce wa ya kawo wannan farin ciki haka, masu gida su amsa da sunan Maryamu, a yi waƙa, sai a raba musu rake da lemo da ayaba da alewar gargajiya, a unguwannin talakawa har shinkafa da wake da sukari ake rabawa, ga wasan wuta ta ko'ina. Faston bishara zai yi wa'azi ya ce wannan ba daidai ba ne, amma babu mai tare hanya. Haka bikin waliyyi Santo Domingo a Managwa, ranar 1 ga Agusta a ɗauko wani ɗan mitsitsin mutum-mutumi daga cocin Las Sierritas a shigo da shi gari, a mayar ranar 10, masu cika bakance suna rawa a gabansa wasu sun shafe jikinsu da baƙin mai. Addinin mutanen nan a titi yake, kuma wannan yana da muhimmanci in mun zo maganar abin da aka hana.

A takarda kuwa komai lafiya lau. Kundin tsarin mulkin 1987, wanda gwamnatin Ortega ta farko ce ma ta rubuta shi, sashe na 14 ya ce ƙasa ba ta da addinin hukuma, sashe na 29 ya ce kowa yana da 'yancin ya bi addini ko ya ƙi bi. Har gobe babu wanda ake kamawa a Nikaragwa don ya bar Katolika ya koma Baftis ko ya musulunta. Matsalar tana farawa ne a daidai lokacin da mai wa'azi ya buɗe baki ya taɓa gwamnati, ko kuma gwamnatin ta ga yana da jama'ar da ba ta hannunta suke bi ba.

Rigimar tana da dogon tarihi. Gidan Somoza, uba da 'ya'yansa biyu, sun mulki ƙasar fiye da shekara 40 da goyon bayan Amurka, kuma tsawon lokaci manyan coci ba su cika ɗaga musu murya ba. Amma daga shekarun 1960 wata fahimta ta bazu a Latin Amurka, tauhidin 'yantar da talaka, wato limamai suka fara cewa ba zai yiwu ka karanta wa mai jin yunwa Linjila ka yi shiru a kan wanda ya ƙwace gonarsa ba. Wani fada kuma mawaƙi, Ernesto Cardenal, ya kafa wata al'umma a tsibiran Solentiname da ke cikin tafkin Nikaragwa inda manoma da masunta ke zama suna tattauna nassi da kansu, wasu daga cikin samarin wurin daga baya suka ɗauki bindiga. Da 'yan Sandinista, wato ƙungiyar 'yan juyin juya hali ta su Ortega, suka kifar da Somoza ranar 19 ga Yulin 1979, limaman coci sun shiga gwamnati tsundum, Ernesto Cardenal ministan al'adu, ƙaninsa Fernando ya jagoranci gangamin yaƙi da jahilci na 1980 daga baya ya zama ministan ilimi, Miguel d'Escoto kuma ministan harkokin waje.

Sai dai babban bishop na Managwa, Miguel Obando y Bravo, wanda shi ma ya soki Somoza, bai daɗe ba ya juya wa sabuwar gwamnatin baya, ya zama babban muryar adawa. Coci ta rabu gida biyu. Da Fafaroma John Paul na biyu ya zo a Maris na 1983, a filin jirgi Ernesto Cardenal ya durƙusa zai sumbaci hannunsa, Fafaroma ya janye hannu ya nuna shi da yatsa a gaban kyamara yana masa faɗa ya gyara matsayinsa da coci, da yamma kuma a wurin babbar sujada, wato taron ibada, magoya bayan gwamnati suka dinga ihu muna son zaman lafiya har Fafaroma ya fusata ya daka musu tsawa su yi shiru. A shekarun nan an kori limamai 'yan ƙasar waje, an rufe rediyon Katolika a 1986, an kori bishop Pablo Antonio Vega. A gabas kuma abin ya fi muni, a 1982 sojoji suka kwashe dubban 'yan Miskito daga ƙauyukansu na bakin kogin Coco aka kai su sansanoni, aka ƙona ƙauyuka har da coci-coci, saboda ana zarginsu da haɗa kai da 'yan tawaye. Daga baya shugabannin cocin Moraviya da su Parajón suna cikin waɗanda suka shiga tsakani aka samu sulhu, kuma a 1987 aka ba yankin ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai.

Ortega ya faɗi zaɓe a 1990 a hannun Violeta Chamorro, ya sake faɗi a 1996, ya sake faɗi a 2001. A na 1996 ɗin, ana saura kwanaki zaɓe Kadinal Obando ya ba da labarin mutumin da ya tausaya wa maciji ya ɗauke shi ya ɗumama shi a ƙirjinsa macijin ya sare shi, bai kama suna ba amma kowa ya gane wa ake nufi. Ortega ya ɗauki darasi, ya gane ba zai koma mulki yana faɗa da coci ba. Sai ya nemi gafara a bainar jama'a, ya shirya da Obando, a 2005 Obandon da kansa ya ɗaura musu auren coci shi da Murillo. A Oktoban 2006, kwanaki kaɗan kafin zaɓe, 'yan majalisar jam'iyyarsa suka mara baya aka haramta zubar da ciki kwata-kwata ko da rayuwar uwa na cikin haɗari, abin da manyan Katolika da na bishara suka yi zanga-zanga tare suna nema. Ya ci zaɓen da kashi 38, ya hau a Janairun 2007, ya ba Obando shugabancin hukumar sulhu, a 2016 majalisa ta ba shi lambar gwarzon ƙasa. Fastocin bishara ma an jawo su a jiki, ana ba su takardun filaye da tallafi. Ni abin da na fahimta a nan shi ne tun a lokacin an shimfiɗa sharaɗin, addinin da zai sa wa gwamnati albarka ana maraba da shi hannu bibbiyu.

Afrilun 2018 ne komai ya wargaje. Gwamnati ta taɓa tsarin fansho, za a ƙara wa ma'aikata kuɗin da ake cira a rage wa tsofaffi abin da suke karɓa, tsofaffi suka fito, aka lakaɗa musu duka, ɗalibai suka fito, aka fara harbi, kafin ka ce kwabo ƙasa ta kama da wuta. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta ƙirga aƙalla mutum 355 da suka mutu. Ortega da kansa ya nemi bishop-bishop su shiga tsakani, aka buɗe zaman tattaunawa ranar 16 ga Mayu ana nunawa kai tsaye a talabijin. A daidai lokacin limamai a unguwanni suna buɗe ƙofofin coci ga samarin da ake bi da bindiga, ana ɗinke raunuka a kan bencin coci, ana kaɗa ƙararrawa in 'yan bindiga sun shigo gari. Da bishop-bishop suka ba da shawarar a matso da zaɓe kusa, nan ne zumuncin ya ƙare. Ranar 9 ga Yuli a garin Diriamba magoya bayan gwamnati suka far wa Kadinal Leopoldo Brenes da bishop Silvio Báez da jakadan Fafaroma a cikin coci, aka yanki Báez a hannu. Ranar 13 ga wata ɗalibai suka gudo daga jami'ar ƙasa suka fake a cocin Divina Misericordia a Managwa, aka kwana ana ruwan harsashi a kan ginin, ɗalibai biyu suka mutu. Ranar 19 ga Yulin Ortega ya tsaya gaban taro ya ce bishop-bishop 'yan juyin mulki ne.

Daga nan abin sai gaba. Báez ya bar ƙasar a 2019 bisa umarnin Fafaroma Francis saboda barazana ga rayuwarsa. A Yulin 2020 wuta ta cinye wani tsohon gicciye mai shekaru kusan 400 a babban cocin Managwa, gwamnati ta ce hatsari ne, Kadinal ya ce hari ne aka kai da gangan. A Maris na 2022 aka kori jakadan Fafaroma Waldemar Sommertag. A Yuli aka kwashi sistoci 18 na ƙungiyar Mother Teresa, mata masu kula da tsofaffi da ciyar da yara, aka kai su iyakar Kosta Rika aka ce su tsallaka. Wallahi har yanzu na kasa ganin barazanar da waɗannan matan suke yi wa gwamnati mai sojoji da 'yan sanda.

Sai maganar bishop Rolando Álvarez na Matagalpa, wanda shi ne ya zama fuskar wannan rikicin. An rufe gidajen rediyon yankinsa, ranar 4 ga Agustan 2022 'yan sandan kwantar da tarzoma suka zagaye gidansa suka hana shi zuwa coci, ya fito bakin titi ya durƙusa a gabansu ya ɗaga hannuwa sama, hoton ya zagaye duniya. Sati biyu yana kulle a ciki da mutanensa, ranar 19 da asuba aka fasa ƙofa aka tafi da shi. Ranar 9 ga Fabrairun 2023 gwamnati ta zuba fursunonin siyasa 222 a jirgi zuwa Amurka, aka kawo shi ya hau ya ce ba zai hau ba. Washegari, ba jira ba komai, aka yanke masa shekara 26 da wata 4 aka kuma ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa. Fafaroma Francis da ya daɗe yana taka-tsantsan, a wata hira a watan Maris ya kwatanta mulkin da kama-karyar 'yan gurguzu na 1917 da ta Hitila, nan take Managwa ta dakatar da hulɗa da fadar Batikan.

In kana son ka ga inda layin yake, dubi abin da ya samu bishop Isidoro Mora na Siuna. A Disamban 2023 ya je Matagalpa ya jagoranci sujada, a ciki ya faɗa wa jama'a cewa bishop-bishop suna tare kuma suna yi wa Álvarez addu'a. Washegari aka kama shi. Bai kira zanga-zanga ba, bai zagi kowa ba, sunan fursuna ya ambata a cikin addu'a. A Janairun 2024 aka haɗa shi da Álvarez da limamai 15 da ɗaliban limanci 2 aka tura su Roma. A Nuwamban shekarar kuma bishop Carlos Herrera na Jinotega, shugaban majalisar bishop-bishop ta ƙasa baki ɗaya, ya yi ƙorafi a kan magajin gari da ya sa aka ware kiɗa a ƙofar coci ana tsakiyar ibada, kwana kaɗan aka sa shi a jirgi sai Gwatamala.

Tun 2023 kuma aka hana fitowa titi da jerin gwanon makon Ista, sai dai a zagaya a cikin coci ko harabarta, tun kafin nan ma a Satumban 2022 'yan sanda sun hana fito da mutum-mutumin waliyyi San Jerónimo a garin Masaya. Ka ƙaddara a ce maka ba a hana ka sallar Idi ba amma babu fita fili, kowa ya tsaya a masallacin unguwarsu ga ɗan sanda a bakin ƙofa yana ɗaukar hoto, to haka abin yake a wurinsu. Su kuma ƙananan hukumomi sai suka dinga shirya nasu bukukuwan waliyyai ba tare da limami ba, gwamnati na jera manyan rumfunan Maryamu a babban titin Managwa duk Disamba. An rufe asusun bankin coci a 2023 bisa zargin halasta kuɗin haram, a Agusta aka ƙwace jami'ar UCA ta limaman Katolika 'yan ƙungiyar Jesuit da aka kafa tun 1960 aka ce wai cibiyar ta'addanci ce, aka sauya mata suna.

Mutane da yawa sun ɗauka Katolika kawai ake yi wa, fastocin bishara suna lafiya tunda yawancinsu sun yi shiru wasu ma suna hawa dandali da jami'an gwamnati. Shirun bai cece su ba. Wata ƙungiyar bishara mai suna Mountain Gateway mai tushe a Texas ta yi ta shirya manyan tarukan wa'azi a 2023 da izinin hukuma, jama'a suka yi ta tururuwa dubbai, a Disamba sai aka kama fastocinta 11 'yan ƙasa, a Maris na 2024 aka yanke musu shekara 12 zuwa 15 da tarar dala miliyan 80 kowannensu, sai a Satumba aka sake su cikin fursunoni 135 da aka kora Gwatamala. A watan Agustan 2024 rana ɗaya aka soke rajistar ƙungiyoyi 1,500, ɗaruruwa a cikinsu na coci-cocin bishara ne, kwanaki bayan haka aka soke ta cocin Moraviya ita kanta, cocin da ya girmi haɗewar yankinsa da ƙasar. Jimillar ƙungiyoyin da aka rufe tun 2018 ta haura 5,000, kuma galibi kadarorinsu gwamnati ke ɗauka. A watan dai aka cire wa coci-coci rangwamen haraji.

Gwamnati fa tana da nata bayanin kuma adalci ne a ji shi. Tana cewa abin da ya faru a 2018 yunƙurin juyin mulki ne da kuɗin Amurka, cewa an ɓoye makamai a wasu coci-coci, cewa 'yan sanda da magoya bayanta ma an kashe su, kuma ƙungiyoyin da aka rufe ba su kawo bayanan kuɗinsu ba ne. Tsoron Amurka kam ba ƙirƙira ba ce, sojojin Amurka sun mamaye ƙasar a farkon ƙarni na 20, gwamnatin Reagan ta ɗauki nauyin 'yan tawayen Contra a yaƙin da ya ci dubun dubatar rayuka, har kotun duniya ta ba Nikaragwa gaskiya a kan Amurka a 1986. Gaskiya ne kuma an kashe 'yan sanda fiye da 20 a rikicin 2018, gaskiya ne wasu limamai sun tsunduma siyasa. Amma in limami ya ɓoye bindiga ai sai a kai shi kotu a buɗe a nuna bindigar, a bar shi ya ɗauki lauyan da yake so. Abin da aka gani shi ne shari'a a ɓoye, hukunci cikin kwana ɗaya, da ƙwace wa mutum ƙasar da aka haife shi. Ƙwararrun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa, ba Amurka ba, sun bincika sun ce abin tsararre ne kuma ya kai matsayin laifi ga bil'adama, amsar da Managwa ta bayar ita ce ficewa daga majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya a Fabrairun 2025.

Sabon kundin tsarin mulkin da aka amince da shi a farkon 2025, wanda ya mai da Ortega da Murillo shugabanni biyu a kujera ɗaya, ya sake cewa akwai 'yancin addini, amma ya ƙara sharaɗin cewa dole ƙungiyoyin addini su kasance ba sa ƙarƙashin ikon waje. Ga cocin da Fafaroma ne ke naɗa mata bishop daga Roma, wannan jimla ɗaya ta isa a rufe ta duk ranar da aka ga dama, haka duk wani ƙaramin coci ko masallaci da ke karɓar gudummawa daga 'yan uwa na ƙetare. Limaman da suka rage, bisa rahotannin masu bin diddigi irin su lauya Martha Patricia Molina da ke gudun hijira, suna wa'azi ne da sanin cewa akwai mai naɗar muryarsu a cikin sahu, wasu kuma 'yan sanda na zuwa musu akai-akai su ji me suka shirya yi a satin. Kadinal Brenes yana nan a Managwa yana auna kowace kalma, wasu na ganin shirunsa ya yi yawa wasu na cewa shirun ne ya sa har yanzu ƙofofin suke buɗe. Cikin yankunan bishop 9 da ƙasar ke da su, huɗu, wato Matagalpa da Estelí da Siuna da Jinotega, masu jagorantarsu suna ƙasar waje.